Yankee Hotel Foxtrot

Yankee Hotel Foxtrot shi ne kundin waƙoƙi na huɗu da ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Wilco ta ɗauka a sutudiyo. Kamfanin Nonesuch Records ne ya fitar da shi kasuwa a ranar 23 ga watan Afrilu, shekarar 2002. Kundin yana ɗauke da waƙoƙi 11, kuma tsawonsa ya kusa minti 52. An ɗauki waƙoƙin ne a birnin Chicago na jihar Illinois, daga ƙarshen shekarar 2000 zuwa farkon 2001.

Kundin ya yi suna saboda kiɗansa da kuma hanyar da ya bi kafin ya isa hannun masu sauraro. Kamfanin Reprise Records, wanda ya biya kuɗin aikin, ya ƙi fitar da shi don yana ganin ba zai sayu ba, ya kuma sallami ƙungiyar. A watan Satumba na 2001 sai Wilco ta ɗora dukkan waƙoƙin a shafinta na intanet domin kowa ya saurara kyauta. Da kundin ya shiga kasuwa bayan wata bakwai, ya sayu fiye da duk wani kundi da ƙungiyar ta taɓa yi, kuma masu sharhi da dama suna sanya shi cikin fitattun kundayen shekarun 2000.

Asalin ƙungiyar

An kafa Wilco a shekarar 1994 bayan wargajewar ƙungiyar Uncle Tupelo, wadda ta fito daga garin Belleville a jihar Illinois. Jagororin Uncle Tupelo su biyu ne, Jay Farrar da Jeff Tweedy. Da suka rabu, Farrar ya kafa Son Volt, shi kuma Tweedy ya ci gaba da sauran makaɗan a ƙarƙashin sabon suna. Kalmar Wilco ta fito ne daga yaren masu magana ta rediyon oba-oba, kamar sojoji da matuƙan jirgin sama. An gajarta kalmomin Turanci biyu ne, will comply, waɗanda ke nufin an ji umarni kuma za a aiwatar.

Kundin ƙungiyar na farko, A.M., ya fito a 1995, kuma bai yi nisa da salon Uncle Tupelo ba, wato gauraya kiɗan rock da kiɗan karkarar Amurka da ake kira country. A kundi na biyu, Being There na 1996, da na uku, Summerteeth na 1999, ƙungiyar ta riƙa nesanta kanta daga wannan salo. Mutumin da ya fi taimaka wa Tweedy a wannan sauyi shi ne Jay Bennett, makaɗin da ya iya jita da fiyano da wasu kayan kiɗa, kuma ya san aikin na'urorin ɗaukar sauti. A tsakanin waɗannan shekaru Wilco ta haɗa kai da mawaƙin Ingila Billy Bragg, suka sa wa rubutattun baitocin marigayi Woody Guthrie kiɗa, aka fitar da su a kundaye biyu masu suna Mermaid Avenue a 1998 da 2000.

Tun a lokacin Summerteeth aka fara samun saɓani da Reprise. Shugabannin kamfanin sun nemi a ba su waƙar da gidajen rediyo za su riƙa sawa, aka sake gyara waƙar "Can't Stand It" domin haka, amma ba ta samu shiga yadda aka so ba. Kundin ya sha yabo a jaridu, sai dai cinikinsa bai kai na Being There ba.

Ɗaukar sauti

A watan Mayu na shekarar 2000 aka gayyaci Tweedy bikin kiɗa na Noise Pop a Chicago, aka ce ya zaɓi wanda yake so su yi wasa tare. Ya zaɓi Jim O'Rourke, makaɗin da ya shahara da gwaje-gwajen sauti. O'Rourke ya zo da abokin aikinsa Glenn Kotche, mai kaɗa ganguna. Su ukun suka kafa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Loose Fur, wadda kundinta na farko ya fito a 2003. Wannan haɗuwa ta canza yadda Tweedy yake son waƙoƙin Wilco su kasance.

An fara aikin sabon kundin a The Loft, ɗakin atisaye da ɗaukar sauti na ƙungiyar a arewacin Chicago. Da yake wurin nasu ne, ba a ƙirga musu kuɗin awa kamar yadda ake yi a sutudiyon haya, don haka sukan ɗauki waƙa guda ta hanyoyi daban-daban, su rushe, su sake ginawa. A watan Janairu na 2001 aka sallami Ken Coomer, wanda yake kaɗa wa ƙungiyar ganguna tun zamanin Uncle Tupelo, aka maye gurbinsa da Kotche. Kotche ba ya tsayawa kan gangunan da aka saba da su kaɗai. Yakan haɗa da ƙararrawa da tarkacen ƙarfe da tayil. Ana jin wannan sosai a waƙar farko ta kundin.

Daga nan sai dangantaka ta yi tsami tsakanin Tweedy da Bennett. Bennett yana da hannu a rubuta kiɗan waƙoƙi takwas cikin sha ɗaya, shi ne kuma ya ɗauki nauyin yawancin aikin na'ura, kuma yana son ya tace sautin da kansa. Tweedy kuwa ya ba O'Rourke waƙar "I Am Trying to Break Your Heart" ya gwada tacewa. Abin da ya fito ya burge 'yan ƙungiyar, sai aka miƙa masa sauran waƙoƙin. An yi wannan aiki a sutudiyon Soma da ke Chicago.

Ko da yake an san O'Rourke da kiɗa mai wuyar fahimta, yawancin abin da ya yi a wannan kundi ragi ne. Ya cire sautuka da yawa da aka jibga a kan waƙoƙin domin murya da karin waƙar su fito fili, ya bar hayaniya a wuraren da take da amfani kawai. A wasu wuraren an cire abin da wasu 'yan ƙungiyar suka kaɗa gaba ɗaya. An kammala aikin a farkon rabin shekarar 2001, kuma a watan Agusta Tweedy ya sallami Bennett daga ƙungiyar.

Suna da bango

Sunan kundin ya fito ne daga tsarin haruffan da ake amfani da shi a sadarwar rediyo ta ƙasa da ƙasa, wanda aka fi sani da haruffan NATO. A wannan tsari kowane harafi yana da kalmar da ke wakiltarsa, domin haruffa irin su B da D da P suna kama da juna a kunne idan layi ba shi da kyau. Yankee na nufin harafin Y, Hotel na nufin H, Foxtrot kuma F. A wajen wannan tsari, Yankee laƙabi ne da ake yi wa Ba'amurke, foxtrot kuma sunan wata rawa ce ta Turawa.

Tweedy ya ji waɗannan kalmomi ne a The Conet Project, tarin faifai huɗu da kamfanin Irdial-Discs na Landan ya fitar a 1997. Tarin ya ƙunshi sautukan da aka naɗa daga wasu tashoshin rediyo na gajeren zango, irin zangon da BBC da Muryar Amurka suka daɗe suna watsa shirye-shiryen Hausa a kansa. Waɗannan tashoshi ba su da suna kuma ba sa gabatar da shiri. Murya ce kawai take karanta jerin lambobi ko haruffa. Masu bibiyarsu sun yi imanin cewa hukumomin leƙen asiri ne suke aika wa jami'ansu saƙo ta wannan hanya, kuma tashar da ta riƙa faɗin waɗannan kalmomi uku ana danganta ta da hukumar Mossad ta Isra'ila. A ƙarshen waƙar "Poor Places" ana jin muryar mace tana maimaita kalmomin yayin da hayaniya take taruwa har ta rufe kiɗan. Irdial ya kai ƙara kan amfani da sautin ba da izini ba, aka sasanta a wajen kotu a 2004.

Hoton bangon kundin na tagwayen benayen Marina City ne da ke bakin kogin Chicago. Masanin zanen gine-gine Bertrand Goldberg ne ya tsara su, aka gina su a shekarun 1960, kuma siffarsu ta yi kama da goyon masara guda biyu a tsaye. Sam Jones ne ya ɗauki hoton daga ƙasa yana kallon sama.

Rikici da Reprise

Mawaƙi Frank Sinatra ne ya kafa Reprise a 1960, da niyyar ba mawaƙa 'yancin yin aikinsu yadda suke so. Daga baya kamfanin ya koma ƙarƙashin Warner. A watan Janairu na 2001 aka haɗe Time Warner da kamfanin intanet na AOL, kuma sabon kamfanin ya shiga rage kashe kuɗi da rage ma'aikata a sashen waƙoƙinsa. Shugaban Reprise, Howie Klein, wanda yake goyon bayan Wilco, ya bar kujerarsa a daidai lokacin da ƙungiyar ta miƙa kundin.

Waɗanda suka rage a kamfanin sun ga cewa babu waƙar da rediyo za ta ɗauka a cikin kundin, suka nemi a yi gyara. Tweedy ya ce aiki ya ƙare, ba abin da za a taɓa. Sai aka shiga tattaunawar rabuwa. Da farko an yi maganar cewa ƙungiyar za ta biya dala 50,000 ta karɓi kundinta, amma daga bisani Reprise ya sakar mata shi ba tare da ta biya ko sisi ba. Ɗan jarida Greg Kot na jaridar Chicago Tribune ya ba da labarin a watan Agusta na 2001, sauran jaridu suka ɗauka. Labarin ya jawo wa kamfanin suka, domin mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin misalin yadda manyan kamfanoni suka daina haƙuri da mawaƙan da ba sa kawo riba nan take.

Sakin kundin a intanet

Ranar da aka fara tsayarwa domin fitar da kundin ita ce 11 ga Satumba, 2001, amma rabuwa da Reprise ta soke wannan shiri. Kafin nan wasu waƙoƙin sun riga sun ɓulla a hanyoyin musayar fayil na intanet, da sauti marar kyau. Domin mutane su ji aikin yadda aka yi shi, ƙungiyar ta ɗora kundin gaba ɗaya a shafinta ranar 18 ga Satumba, 2001. Ana iya sauraro kai tsaye, ba a biyan komai.

A wancan lokaci wannan mataki kasada ne. Manyan kamfanonin waƙoƙi suna shari'a da Napster, wanda ya dakatar da aikinsa a watan Yuli na shekarar, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye a masana'antar shi ne duk wanda ya samu waƙa kyauta ba zai sayi faifai ba. Wilco ba ta da kamfani a lokacin, kuma kundin nan shi ne babban abin da take da shi na ciniki da duk kamfanin da zai ɗauke ta. Sai dai da ƙungiyar ta fita rangadin wasanni a ƙarshen shekarar, ta tarar da dakunan taro a cike, kuma jama'a suna bin baitocin waƙoƙin da ba a ma sayar da su ba tukuna.

Kamfanoni da dama sun nemi ƙungiyar. A watan Nuwamba na 2001 ta sa hannu da Nonesuch Records, ƙaramin kamfanin da aka kafa a 1964, wanda aka fi sani da kiɗan gargajiya na Turai da kiɗan sassan duniya. Shi ne ya fitar da wasu ayyukan Youssou N'Dour na Senegal. Nonesuch ma a ƙarƙashin Warner yake, kamar Reprise. Wato uwar kamfanin ta biya kuɗin yin kundin, ta bayar da shi kyauta, sannan ta sake sayensa ta wata ƙofar.

Salo da jigo

Ana sanya kundin a rukunin indie rock da art rock. Kalmar indie gajartawa ce ta kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai, kuma da farko tana nufin waƙoƙin da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suke fitarwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ma'anarta ta faɗaɗa, ta koma nufin wani salon kiɗa da kuma halin mawaƙan da ba sa bin abin da rediyon kasuwa yake so. Da wannan ma'ana ta biyu ce ake kiran kundin indie, domin Reprise da Nonesuch duka rassan babban kamfani ne.

Gindin yawancin waƙoƙin mai sauƙi ne: murya, jita, da kari mai saurin shiga kunne. Abin da ya bambanta su shi ne abin da aka kewaye su da shi, kamar shuuu ɗin rediyo, fiyanon da ke shigowa ba a inda ake tsammani ba, ƙarar na'ura, da shiru. "I Am Trying to Break Your Heart" tana farawa ne kamar kayan kiɗan suna neman junansu, kafin su daidaita. "Radio Cure" tana tafiya a hankali cikin ƙarar iska. "Kamera", "War on War" da "Heavy Metal Drummer" sun fi sauƙin bi. Ta ƙarshen tana tuna ƙuruciya da kallon makaɗa a bakin kogi. "Jesus, Etc." an gina ta ne a kan kayan kiɗa masu tsirkiya irin goge. "Reservations", wadda ta rufe kundin, ta haura minti bakwai, kuma mintunanta na ƙarshe babu waƙa a cikinsu sai sautuka masu dusashewa.

Tweedy ne ya rubuta dukkan baitocin. Jigon da ya fi yawo a cikinsu shi ne wahalar isar da saƙo tsakanin mutane biyu, ko da suna son juna: nisa, ƙarya, maye, da maganar da ba ta fita daidai. Wannan ne ya haɗa baitocin da tashoshin lambobi, inda ake jin murya sarai amma ba a san abin da take nufi ba, ba a kuma san wanda ake yi wa maganar ba.

An gama kundin watanni kafin harin 11 ga Satumba, amma mutane sun fara jin sa ne mako guda bayan harin. Saboda haka da yawa suka danganta shi da abin da ya faru: bangon yana nuna tagwayen benaye, "Jesus, Etc." ta ambaci dogayen gine-gine da hayaƙi, ga kuma sunaye irin su "War on War" da "Ashes of American Flags". Dacewa ce kawai, sai dai ta yi tasiri a kan yadda Amurkawa suka karɓi kundin.

Fim

Sam Jones ya bi ƙungiyar da kyamara tun daga watan Janairu na 2001, ya fitar da fim marar launi mai suna I Am Trying to Break Your Heart a 2002. Niyyarsa ta farko ita ce nuna yadda ake haɗa kundi, amma sai ya dace da sallamar Bennett da rabuwa da Reprise. Wurin da aka fi tunawa a fim ɗin shi ne gardamar Tweedy da Bennett a kan yadda za a haɗa ƙarshen "Ashes of American Flags" da farkon "Heavy Metal Drummer". Bayan gardamar an nuna Tweedy, wanda ya daɗe yana fama da matsanancin ciwon kai, yana amai a banɗaki. Wasu masu sharhi suna ganin fim ɗin bai yi wa Bennett adalci ba idan aka duba yawan aikin da ya yi. A watan Mayu na 2009 Bennett ya kai Tweedy ƙara yana neman haƙƙoƙinsa na kuɗi, amma ya rasu a cikin watan yana da shekara 45.

Ciniki da karɓuwa

A makonsa na farko a kasuwa an sayar da kwafi sama da 55,000, kuma ya shiga jadawalin Billboard 200 a mataki na 13, matsayin da Wilco ba ta taɓa kaiwa ba kafin lokacin. Daga baya ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta ba shi shaidar zinare, wadda ake bayarwa idan kundi ya kai kwafi 500,000.

Mujallar intanet ta Pitchfork ta ba shi cikakken maki, 10 bisa 10. Ya zo na ɗaya a ƙuri'ar masu sharhi ta Pazz & Jop ta 2002, wadda jaridar The Village Voice take shiryawa a lokacin. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na uku a jerin kundayen shekarun 2000, kuma a jerinta na kundaye 500 mafi muhimmanci ya tashi daga mataki na 493 a 2012 zuwa na 225 a 2020.

Tasiri

Ana yawan kawo kundin a matsayin hujja a muhawarar ko sauraro kyauta yana kashe ciniki. A nan dai bai kashe ba, ko da yake rahotannin jaridu kan rikicin da kuma fim ɗin sun taimaka wajen tallata shi, kuma ƙungiyar tana da magoya baya tun da farko. Wilco ta ci gaba da bin wannan hanya: ta ɗora kundinta na gaba, A Ghost Is Born na 2004, a intanet kafin ya shiga kasuwa, kuma kundin ya ci kyautar Grammy biyu. A 2011 ƙungiyar ta kafa kamfaninta mai suna dBpm, a 2015 kuma ta raba kundin Star Wars kyauta na ɗan lokaci.

A shekarar 2022, domin cikar kundin shekara 20, ƙungiyar ta rera shi daga farko har ƙarshe a wasanni a New York da Chicago. Nonesuch ya sake fitar da shi a babban bugu mai ɗauke da sautuka 82 da ba a taɓa fitarwa ba, ciki har da gwaje-gwajen farko na waƙoƙin. Wannan bugu ya ci kyautar Grammy biyu a 2023, ɗaya ta kundin tarihi, ɗaya ta bayanin da aka rubuta a cikin kundi.

Jerin waƙoƙi

1. I Am Trying to Break Your Heart
2. Kamera
3. Radio Cure
4. War on War
5. Jesus, Etc.
6. Ashes of American Flags
7. Heavy Metal Drummer
8. I'm the Man Who Loves You
9. Pot Kettle Black
10. Poor Places
11. Reservations

Tweedy da Bennett ne suka rubuta kiɗan tare, ban da waƙa ta 1 da ta 7 da ta 11, waɗanda Tweedy ya rubuta shi kaɗai.

Waɗanda suka yi aikin

Jeff Tweedy: murya da jita
Jay Bennett: jita, fiyano, kibod da ɗaukar sauti
John Stirratt: jitar bas da amshi
Leroy Bach: fiyano, kibod da jita
Glenn Kotche: ganguna da sauran kayan bugawa
Jim O'Rourke: tace sauti da ƙarin kayan kiɗa
Sam Jones: hoton bango